Ina Za Mu Kai Yaron Da Ya Riga Ajinsa?

Duk wanda aka taɓa ba alli aka tsayar da shi gaban aji, ko da na mako guda ne na gwajin koyarwa, ya san yaron da za mu yi magana a kansa. Shi ne wanda tun malam bai gama rubuta lissafi a allo ba ya ɗaga hannu. In an ba da aikin rabin sa'a, kafin a ce kwabo ya gama, ya kife littafinsa, ya shiga mintsinin na kusa da shi, ko kuwa ya jefo wa malam wata tambaya wadda ba ta cikin darasin ranar, wani lokaci ma ba ta cikin kan malam. Mu da a ke horarwa don aikin malanta ana gaya mana abubuwa da yawa game da yaron da ya ke baya, yadda za a lallaɓa shi, a maimaita masa, a yi haƙuri da shi, kuma daidai ne a gaya mana. Amma shi wannan da ya yi gaba, in ma an tuna da shi, abin da a kan ce shi ne, "Ai wannan zai kai kansa." Mu kuwa a ganinmu ba ya kai kansa, sai fa in Allah ya sa ubansa mai hali ne. Wurin da a ke yin hasararsa kuwa shi ne makarantar elementare, wadda yau a ke ce wa firamare, tun bai isa ƙofar makarantun da aka gina dominsa ba.

Bari mu duba abin da a kan yi masa. Malami mai kirki ya kan naɗa shi monita, ya ce ya riƙa rubuta sunayen masu surutu, watau ladan hazaƙarsa ke nan ya zama abin ƙi ga 'yan ajinsu. Wani malamin ya kan ƙara masa lissafi goma irin waɗanda ya riga ya gama, to, yaro ba wawa ba ne, gobe sai ya rage sauri don kada a ƙara masa. Wani kuma ya kan ɗauki tambayarsa rashin kunya, ya sa masa bulala. Shekara shida ana haka. Abin da yaron nan zai koya cikin shekarun nan shi ne karatu ba ya bukatar wahala, don bai taɓa gamuwa da darasin da ya sa shi gumi ba. Ran da ya gamu da shi a gaba sai ya ja da baya, domin ba wanda ya koya masa yadda a ke zama a kan abu mai wuya har a ci ƙarfinsa. In yarinya ce abin ya fi sauƙin ɓacewa, gama ita ba ta cika yin fitina ba balle a lura da ita. Sai ta yi shiru a ƙarshen benci, ta gama aikinta, ta jira a tashi ta je ta ɗauki tallarta.

Ba mu ce ƙasarmu ba ta yi tunanin haziƙan yara ba. Tsarin ilmi na ƙasa wanda aka fitar a 1977 ya ambace su cikin masu bukatar kulawa ta musamman, tare da makafi da kurame. A shekarar nan kuma Jihar Kano ta kafa makarantun kimiyya a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, waɗanda likitoci da injiniyoyi masu yawa suka fito daga cikinsu. A 1990 Gwamnatin Tarayya ta buɗe makarantar haziƙai a Suleja, ana shiga ta da jarrabawa ta musamman. Jihar Jigawa ma ta gina tata a Bamaina, kusa da Birnin Kudu. Duk wannan abin yabo ne. Amma ku lura da abu guda: dukansu makarantun gaba da firamare ne. Suna tsaye a bakin hanya suna jiran wanda ya iso, su zaɓa. Wanda ya iso kuwa wane ne? Shi ne wanda ubansa ya ji labarin jarrabawar, ya biya kuɗin shiga, ya kai shi garin da a ke yinta, kuma yaron ya iya Turancin da aka rubuta tambayoyin da shi. Yaron ƙauye wanda zai iya lissafin kuɗin buhu goma sha bakwai na gero da ka, tun kafin ɗan kasuwa ya ciro wayarsa, amma ya kai aji shida ba a koya masa karanta jimla guda ta Turanci ba, shi wannan jarrabawar ba ta san an haife shi ba. Mun gina rumbu mai kyau, gonar kuwa ba wanda ya leƙa ta tun ran shuka.

Amurka ta daɗe tana fama da wannan magana, kuma ya kamata mu ji yadda ta kaya a can, don kada mu kwaso abin da su da kansu suka gwada suka ga aibinsa. Asalin awon basirar yara daga Faransa ya ke. A 1905 Alfred Binet da Théodore Simon suka shirya waɗansu tambayoyi a birnin Faris, niyyarsu kuwa ita ce a gane yaran da ke baya don a taimake su. Sai wani malamin Jami'ar Stanford, Lewis Terman, ya gyara awon a 1916, ya juya shi wajen neman na gaba. A 1921 ya tara yara wajen 1,500 a Kalifoniya waɗanda suka fi cin awon, aka yi ta bin labarinsu har tsufansu. Da yawansu sun yi arziki, sun zama likitoci da lauyoyi da malaman jami'a. Amma yadda aka zaɓe su shi ne abin dubawa. Da fari a kan tambayi malamin aji ya faɗi wanda ya ke gani ya fi hazaƙa, sa'an nan a auna wanda ya faɗa. Da aka duba sai ga shi kusan dukansu farar fata ne, mafi yawa kuma 'ya'yan masu abin hannu da masu ilmi. Wani abin mamaki kuma, cikin yaran da aka auna aka ce ba su kai ba akwai William Shockley da Luis Alvarez. Na farko ya sami lambar Nobel ta kimiyya a 1956, na biyu a 1968. Cikin waɗanda aka zaɓa kuwa ba wanda ya same ta. Ba mu kawo wannan don mu ce awo banza ne ba. Mudu ne, yana auna abin da ya shiga cikinsa, kuma a kan yi zuba a gefe.

Da Rasha ta harba tauraron ɗan adam na farko a 1957, sai hankalin Amurka ya tashi, a 1958 ta yi dokar zuba kuɗi cikin koyar da lissafi da kimiyya. A 1972 kwamishinan ilminsu, Sidney Marland, ya kai wa majalisa rahoto a kan haziƙan yara, a ciki kuwa aka ga fiye da rabin shugabannin makarantun da aka tambaya sun ce su ba su da haziƙi ko ɗaya a makarantarsu. Ku ji fa! Makaranta mai ɗaruruwan yara, a ce ba ko ɗaya. A 1988 aka yi wata doka mai sunan Javits, amma ɗan kuɗin bincike kawai ta tanada, ba ta tilasta wa kowace makaranta ta yi kome ba. Saboda haka abin ya zama na sa'a. Wata jiha ta wajabta, wata ta bar wa gundumomi, yaro biyu masu basira ɗaya, ɗaya ya sami aji na musamman, ɗaya bai ma ji labari ba, bambancinsu kawai unguwar da iyayensu suka iya biyan haya. A birnin Niyok an yi shekaru ana yi wa yara 'yan shekara huɗu jarrabawar shiga ajin haziƙai. Masu kuɗi suka riƙa ɗaukar malamai suna horar da 'ya'yansu a gida saboda ita, 'ya'yan baƙar fata da na masu jin Sifaniyanci kuwa, waɗanda su ne mafi yawa a makarantun birnin, suka zama 'yan kaɗan a ajujuwan nan. A 2021 aka daina jarrabawar.

Labarin da ya fi amfani gare mu shi ne na gundumar Broward a Jihar Fulorida. A da can sai malami ko uba ya gabatar da yaro sa'an nan a auna shi. A 2005 suka ce a'a, a gwada kowane yaro na aji biyu, da irin gwajin nan na zane-zane da siffofi wanda ba ya bukatar iya harshe, wanda ya yi fice kuma a ƙara duba shi. Nan da nan adadin 'ya'yan talakawa da na baƙar fata da na baƙi da aka gane haziƙai ne ya ƙaru ƙwarai da gaske. Masana biyu, David Card da Laura Giuliano, suka bi lissafin suka buga shi a 2016. Yaran nan da ma suna zaune cikin ajujuwan, gaban malamansu, ba wanda ya nuna su. Bayan 'yan shekaru kuɗi ya yi ƙaranci aka dakatar da gwajin, sai adadin ya sake faɗuwa. Ashe idon malami, kome kirkinsa, ya kan fi saurin sauka kan yaro mai tsabtar riga da daɗin baki, wanda ubansa ke zuwa gaishe da hedimasta. Mu ma nan muna da wannan ciwo, har muna da karin maganar da ke ƙarfafa shi, mu kan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai mu sa ido ga ɗan malam da ɗan ma'aikaci, mu manta da ɗan maƙeri. Alhali kuwa Allah ba ya shawara da kowa in zai raba baiwarsa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ba ɗan sarki ba ne. Daga makarantar ƙauyensu ya tafi Bauci, daga nan ya shiga Kwalejin Katsina a 1928, ya zama Firayim Minista a 1957. Tsanin zamanin nan siriri ne ainun, yara kaɗan suka hau shi, amma ajin elementare na lokacin bai fi ƙarfin idon malami ba. Tun da aka buɗe ƙofa ga kowa a 1976, abin da ya ke alheri ne babba, aji ya cika ya batse, idon malami kuwa guda biyu ne har yanzu.

Mun san abin da wani zai ce, don mun ji an faɗa. Zai ce, yara miliyoyi ba su zuwa makaranta sam, waɗanda ke zuwa suna zaune a ƙasa, aji ɗaya ya kan haura ɗari, waɗansu sun kai aji huɗu ba su iya karanta sunansu ba, ku kuwa kuna kukan wanda ya ƙoshi? Maganar tana da nauyi, ba kuwa za mu yi kamar ba mu ji ba. In da abin da mu ke nema shi ne a ɗebi kuɗin benci da alli a gina wa yara talatin bene, da mu ma mun bi bayan mai wannan magana. Amma a tuna, haziƙin ɗan mai kuɗi ba ya jiran gwamnati. Akwai littattafai a gidansu, akwai makarantar kuɗi, akwai malamin yamma. In makarantar gwamnati ta ce ba ruwanta da haziƙai, wanda ta yasar shi ne haziƙin ɗan talaka, shi da ba shi da wata ƙofa sai ita. Kuma garin da ya rasa likita, ya rasa malamin lissafi na ƙwarai, ya rasa alƙali mai fahimta, wa ke shan wahalarsa in ba talaka ba?

Abin da ya ba mu ƙarfin gwiwa shi ne maganin ba daga ƙetare za a sayo shi ba. Yawancinmu mun zauna a makarantar allo kafin mu ga baƙin allon boko, mun kuwa san yadda a ke yi. Yara hamsin a zaure ɗaya ko gindin bishiya ɗaya, amma kowa da allonsa, kowa da inda ya ke. Wannan yana babbaƙu, wancan yana farfaru, wancan ya yi nisa cikin izu na goma. In yaro ya riƙe karatunsa sai ya zo ya biya gaban malam, a ce ya wanke, a ɗora masa na gaba. Ba a cewa ya jira sai sauran sun iso, ba a kuwa cewa mai nauyin kai ya wanke abin da bai riƙe ba don shekara ta ƙare. Shi ya sa wani ya kan sauke da ƙuruciya, wani sai ya girma, ba kuwa wanda ya tare wa wani hanya. Malam ɗaya ba ya iya wannan shi kaɗai, sai ya sa gardawa su riƙa biya wa ƙanana, su kuma gardawan yana ba su nasu karatun da ya fi wuya, da asuba ko da dare. Nan ne gardi ya bambanta da monitan boko, shi monita an ɗora masa aiki an hana shi ƙari. Ba mu ce kome na makarantar allo abin koyi ne ba. Bulalarta ta yi yawa, kuma hadda ita ce babban abin da ta ke aunawa, alhali hazaƙa ta fi hadda faɗi. Amma wannan dabara ta kowa da allonsa, wadda masanan boko su ke rubuta manyan littattafai a kanta, kakanninmu sun daɗe da ita. Makarantar boko ce ta zo da jera yara bisa shekarun haihuwa, ta ɗaure su da igiya ɗaya kamar raƙuman ayari, mai sauri da gurgu tafiyarsu ɗaya.

Malamai sun ruwaito cewa Imamu Shafi'i ya tashi maraya, uwarsa ba ta da abin biyan malamin makaranta, amma da malamin ya ga yaron yana riƙe abin da a ke biya wa waɗansu tun kafin su riƙe, sai ya yafe masa kuɗin. Turawa kuma suna ba da labarin Carl Gauss, wanda aka haifa a Jamus a 1777, ɗan talaka ne. Wai malaminsu ya ce su tara lambobi daga 1 har 100 don ya sami hutu, nan take yaron ya kawo 5,050, gama ya lura 1 da 100 sun ba da 101, 2 da 99 ma haka, har sau hamsin. Mutane sun fi son wannan yanki na labarin. Mu kuwa abin da ya biyo baya ya fi jan hankalinmu, domin an ce malamin ya aika aka sayo wa yaron littafin lissafi wanda ya fi na ajin, mataimakinsa kuma ya riƙa zama da shi suna karatu tare, har labari ya kai ga sarkin ƙasar ya ɗauki nauyinsa. Ba a gina wa Gauss makaranta ba. Littafi guda ne da malami wanda bai ji haushi ba don yaro ya riga shi.

To, me zai hana hedimasta ya sa darasin lissafi na dukan makaranta a sa'a ɗaya, na karatu ma haka? In an buga ƙararrawa, yaron aji uku wanda ya ƙware ya tafi aji biyar ya yi lissafinsa, in an gama ya komo cikin tsaransa. Ta wannan hanya kuma ɗan aji biyar wanda bai iya ɗebewa ba zai sami inda za a koya masa, ba tare da an mai da shi baya gaba ɗaya ba, watau dabarar da ta taimaki na gaba ita ce ta taimaki na baya. Ko anini ba za a kashe ba, sai gyaran jadawali. Haka kuma kowane malami yana iya ajiye kwali guda a kusurwar aji, ya cika shi da katunan tambayoyi masu wuya da ya rubuta da hannunsa, da 'yan littattafan Hausa da na Turanci da ya samo, wanda ya gama aikinsa daidai ya je ya ɗauka, ya zama ɗori ke nan. Sharaɗi dai ya zama abin da ke cikin kwalin sabo ne, mai sa tunani, kada ya zama maimaicin na allo. Yaron da ya fi ajinsa a kowane fanni kuwa a tsallakar da shi. Jami'ar Iowa ta Amurka ta tattara binciken shekaru masu yawa a wani rahoto na 2004, ta nuna tsallakar da yaron da ya cancanta yana amfaninsa, kuma tsoron da a ke yi na zai lalace cikin manya bai cika tabbata ba. Sai dai a rarrabe wannan da abin da a ke yi a waɗansu makarantun kuɗi, inda uba ke cire ɗansa daga aji huɗu ya tura shi sakandare don a ce ɗan wane ya gama da wuri, ko don a rage biyan kuɗin shekara biyu. Wannan son zuciyar uba ne, yaron kuwa shi ke ɗaukar kayan.

Wanda ya fi duka wuya shi ne neman yaran, don a nan ne son rai ke shiga. Abin da mu ke roƙon hukumomin ilmi na jihohi da na ƙananan hukumomi shi ne a duba kowane yaro sau ɗaya a aji biyu ko na uku, mace da namiji, na birni da na ruga, cikin harshen da ya ke ji, da tambayoyin da ba su dogara ga iya karatu ba, kada a jira sai wani ya gabatar da shi. Kada kuma gwaji ɗaya ya zama hukuncin ƙarshe, a bar ƙofa a buɗe ga wanda basirarsa ta makara wajen bayyana. Wanda aka gano a rubuta sunansa, a kira ubansa ko uwarsa a gaya musu baki da baki, domin sau da yawa uban da ke shirin cire ɗansa ya kai shi kasuwa, ko ya aurar da 'yarsa, bai taɓa jin wani ya ce masa yaron nan dabam ne ba. In lokacin jarrabawar Suleja ko ta makarantun kimiyya ya zo, makaranta ce ya kamata ta tuna, ta cika takarda, ta nemi kuɗin mota. Akwai kwaleji a Oyo mai horar da malaman ilmi na musamman, amma kwaleji ɗaya ba za ta kai malami kowane ƙauye ba, saboda haka ya kamata kowace makarantar horon malamai ta sa wannan cikin abin da ta ke koya mana, a kuma duba shi ran gwajin koyarwa. Masu duba makarantu kuwa, in sun zo sun ƙirga benci, sun duba rajista da littafin shirin darasi, muna so su ƙara tambaya ɗaya ga malamin aji, su ce ya nuna musu yaran da suka riga ajin, ya kuma nuna abin da ya ba su a makon nan wanda bai ba sauran ba.